Idon Magini a Kan Takarda: Daga Dala Zuwa Kwatarkwashi

A cikin littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen Barno da ƙasar Hausa suka sani da suna Abdulkarim, akwai zanen birnin Kano yadda ake hangensa daga saman Dala a shekarar 1851. Duk mai bibiyar littattafan tarihin Kano da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba: gidajen ƙasa birjik, bukkoki a tsakaninsu, dabinai sun miƙe, fili ya tafi har inda ido ya gaza. Ba kyamara ce ta ɗauke shi ba. Zane ne da aka ɗora a kan dutse, aka shafa tawada, aka danna takarda a kai, aka sake, aka sake, har kowane kwafin littafin ya samu nasa. Hannun da ya ƙawata shi kuwa ba na Barth ba ne.

Zane ba sana'ar Barth ba ce. Abin da yake yi shi ne ya ja layuka cikin gaggawa a littafinsa, don kada siffar wuri ta kuɓuce masa. Da ya koma Turai a 1855, sai aka miƙa waɗannan ɗanyun zane-zane ga wani mazaunin birnin Munik, Johann Martin Bernatz, ya gyara su ya cika su, masu ɗab'i suka ɗora a dutse. Littafin ya fito cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi, ɗauke da irin waɗannan zane-zane kimanin 60.

An haifi Bernatz a garin Speyer a 1802. Da ya tasa, ilimin gini ya tafi nema a Viyana. A can ne hannunsa ya karkata daga tsara ginin da za a yi zuwa zana ginin da ke tsaye, daga nan kuma zuwa zana ƙasar da ginin ke zaune a kanta. Ya bi wata tawaga zuwa Falasɗinu a 1836 da 1837, sannan a farkon shekarun 1840 ya bi tawagar Ingila ƙarƙashin Manjo Harris zuwa fadar Sarki Sahle Selassie na Shawa, a Habasha. An buga zane-zanensa na Habasha a 1852. Saboda haka lokacin da takardun Barth suka zo hannunsa, ya san zafin ranar Afirka, ya san ƙurarta. Amma har ya mutu a 1878 ƙafarsa ba ta taka ƙasar Hausa ba.

Abin da ya sa zanen Dala ya zauna daram shi ne idon magini. Wanda ya koyi gini ba ya kallon gari a matsayin tarin launuka. Nauyi yake gani. Ya san bango daga ƙasa yake da kauri ya tafi yana sirancewa, ya san inda inuwar soro za ta faɗi da hantsi, ya san yadda gidan da ke nesa zai ƙanƙance a ido ba tare da ya karkace ba. Ya saba da awo, ya saba da riƙe siffar abu ta sama da ta gefe da ta ciki a kansa lokaci guda. Abin da ya fi duka, ya saba da aikin da ba ya karɓar gyara cikin sauƙi, don harsashin da aka haƙa a karkace ya karkace ke nan, haka ma layin da aka yanke a katako. Sai dai akwai abin da makarantar gini ba ta bayarwa. Bernatz bai taɓa dafa bangon da aka shafe da makuba ba, bai ga yadda hazon hunturu ke haɗiye ganuwa da la'asar ba. A ganina hasken da ke cikin zanen aro ne daga wasu ƙasashen da ya sani. Kano ce, amma Kanon wanda aka ba labari, gani kuwa ya kori ji.

Bugun zane hanya uku ce manya. Ta farko, a sassaƙe katako ko lino, wato ledar nan mai kauri ta shimfiɗar ɗaki, a cire duk inda ake so ya fito fari, a shafa tawada a kan abin da ya rage, a danna takarda. Masu yanka hatimin roba da reza a bakin ofisoshi wannan aikin suke yi, kuma sun san babbar ƙa'idarsa: komai a juye ake yanka shi, dama ta koma hagu. Ta biyu kishiyar ta farko ce. A rufe farantin tagulla ko tutiya da kaki, a karce zanen da allura, a tsoma cikin ruwan asid ya ci inda aka karce, tawada ta shige ramukan, injin matsi ya tsotso ta zuwa takarda mai laima. Ta uku ita ce ta dutse, wadda Alois Senefelder ya gano a Munik ɗin nan a ƙarshen ƙarni na 18: a yi zane da alli mai maiƙo a kan sumul ɗin dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙo yake ta guje wa inda ruwa yake. Ko wacce aka bi, ribar irin ta tandar waina ce: wahalar tana wajen samun tandar, in ta samu sai a yi ta juyewa.

In muka koma kan Barth, ya ratsa ƙasar Zamfara a 1853, daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa, ya keta dajin Gundumi, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa kafin ya shiga Wurno. Hanyar ta bi arewa da Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa. Zane-zanen da suka yi suna daga littafin su ne na Kano, da shigarsa Tumbuktu, da duwatsun Hombori. Zamfara hanya ce kawai a gare shi, kuma hanya mai hatsari, don a shekarun ana gwabzawa da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi.

Ba Bernatz kaɗai ne ya bar teburin zanen gini ya koma bugun zane ba. Giovanni Battista Piranesi, wanda aka haifa a yankin Venis a 1720, har ya mutu a 1778 yana kiran kansa mai zanen gini, alhali ginin kirki guda ɗaya aka taɓa ba shi, gyaran wata coci a Rum. Abin da ya bari wa duniya farantan tagulla ne, cikinsu har da 135 na kufai da titunan Rum.

Wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Maurits Cornelis Escher, ɗan ƙasar Holan, haihuwar 1898. Mahaifinsa injiniya ne, ya so ɗan ya zama mai zanen gini, kuma a 1919 ya shiga makarantar zanen gini da ƙawa da ke Haarlem. Bai daɗe ba wani malami, Samuel Jessurun de Mesquita, ya ga abubuwan da yake sassaƙawa a lino, ya ba shi shawarar ya sauya fanni. Ya sauya. Daga 1922 ya kama yawo a Italiya, ya zauna a Rum har 1935, kowace shekara yana bin ƙauyukan da aka gina a kan tsaunuka, yana zana su, ya dawo gida ya yanka a katako ko ya ɗora a dutse. Zanensa na ƙauyen Castrovalva na 1930 aikin wanda ya san gini ne: gidaje sun liƙe a gefen tsauni, kwari ya zurma ƙasa, kowane abu da nauyinsa. Duniya ta fi saninsa da zane-zanen da ke rikita ido, matakalar da ake ta hawa ba a isa, tsuntsayen da ke rikiɗa su zama gonaki. Abin da ya juya shi zuwa can shi ne Alhambra, fadar sarakunan Musulmi ta birnin Garnaɗa a Andalus. Ya ziyarce ta a 1922, ya koma a 1936 ya zauna yana kwafar adon bangonta, siffa tana shiga siffa babu giɓi. Bangon maginan Musulmi ne ya zama makarantarsa ta biyu. Ya bar bugu 448 lokacin da ya mutu a 1972, kuma tun 2002 akwai gidan nuni na musamman da aka keɓe masa a wata tsohuwar fada a birnin Hague.

A nan gida kuwa magini bai taɓa rabuwa da sassaƙa ba. In an gama jera tubali, an ɗaura azarar giginya wadda gara ba ta ci, an tayar da bakan gizo, an kafa zankwaye a kan soro, sai a zo kan yaɓe. Tun yana ɗanye gwanin zai bi shi da yatsa da 'yar wuƙa, ya tono nan, ya ɗora can, har fuskar zaure ta cika. Ka duba tsofaffin zaurukan Zariya da Kano: dagi, takobi, allo, daga baya keke da mota da jirgin sama da agogo. Abin da ya taso da abin da ya nutse, haske da inuwa, ko ba a sa launi ba zanen ya fito. Wannan shi ne tunanin mai yanka farantin bugu, ba ragi ba ƙari. Bambancin dai shi ne bango ba a ɗaga shi a danna a takarda, damina kuma ba ta barin sa.

Babban Gwani Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Ginshiƙansa da bakunan gizonsa da adon da aka taso da shi a jikinsu sun sa masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti. Abin da ya taimaka aka riƙe cikakkiyar siffarsa shi ne takarda. Wani mai zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, tun daga ƙarshen shekarun 1950 ya bi gine-ginen gargajiya na Nijeriya shi da ɗalibansa suna aunawa suna zanawa, kuma shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin. An buga aikinsa cikin juzu'i 3 a 1990, bayan rasuwarsa. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai mai yaɓe shi. In babu, sai abin da aka sa a takarda.

A 1955 aka kwaso sashen zane da sashen zanen gini na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo su Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman galibinsu daga Ingila suke, manhajar ma haka. A 1957 wasu samari suka shigo ajin zane, cikinsu akwai Uche Okeke wanda ya tashi a Kafanchan, da Jimo Akolo, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya. A 1958 Okeke da Nwoko da Onobrakpeya da Yusuf Grillo da wasu abokansu suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar Turawa, amma a cika ta da abin gida. Ƙungiyar ta watse a 1961 da suka gama karatu, sai dai kusan duk tarihin zanen zamani na Nijeriya ta ƙofarta yake bi. Mutum biyu daga cikinsu ne suka raba hanyar da muke bi a tsakaninsu.

Nwoko ɗan sarkin Idumuje-Ugboko ne a jihar Delta ta yau, an haife shi a 1935. Zanen gini ya so ya karanta, har ya yi aiki a ofishin zane na Ma'aikatar Ayyuka don share fage. A can ya lura abin da ake koyarwa a lokacin jan layi ne da kwafar tsarin wasu, ba ƙirƙira ba. Sai ya ajiye, ya nufi Zariya ya shiga ajin fenti. Daga nan ya tafi Faris ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya yi ta gasa mutum-mutumin yumɓu yana bin sawun mutanen Nok. Amma gini bai sake shi ba. Daga 1967 ya fara gina cibiyarsa a Ibadan, a shekarun 1970 kuma ya gina wa limaman ɗariƙar Dominikan ɗakin ibada a birnin, da bulon jar ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti, gini mai shan iska da kansa. A 2023 babban baje kolin gine-gine na Venis ya ba shi Zakin Zinariya, lambar yabo ta aikin tsawon rai, shi da bai taɓa riƙe takardar shaidar makarantar zanen gini ba. Ya fita daga gini ya shiga zane, ya koma ginin da idon mai zane.

Onobrakpeya shi ne ya ɗauko bango ya kai takarda. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo, ƙasar ruwa da kurmi. Sai ga shi a Zariya, inda ido ke tafiya mil da mil babu abin da ya tare shi. Fenti ya karanta, amma tun yana ɗalibi yake yanka lino, kuma adon bangon gidajen Hausa yana cikin abubuwan da suka shiga hannunsa, tare da tatsuniyoyin garinsu da zanen rinin adire na Yarabawa. A 1960 shi da Okeke da Nwoko suka ƙawata rumfar sana'o'in hannu a baje kolin samun 'yancin kai a Legas. Shi ne kuma ya yi zane-zanen littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, wanda masana adabin Hausa suka daɗe suna nuna kusancin labarinsa da Jiki Magayi.

Onobrakpeya ya kama koyarwa a Kwalejin St Gregory ta Legas a 1963. A wannan shekarar da wadda ta biyo bayanta ya halarci bitar da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo, inda wani gwani ɗan Holan, Ru van Rossem, ya koya musu aikin faranti da asid. Daga nan buroshi ya koma baya, faranti ya shigo gaba. A 1967 kuma aka yi hatsarin da ya zama alheri. Ya tsoma farantin tutiya cikin asid ɗin da bai dace ba, asid ya cinye shi ya yi masa ramuka. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam mai ƙarfi irin na Araldite, ya bari ya bushe, ya gwada bugawa. Takarda ta fito da tudu da kwari, ana iya shafa zanen da hannu a ji shi. Ya bi wannan hanya ya gyara ta har ta zama tasa, ya kuma riƙa shafa wa farantan kansu ruwan tagulla yana jera su a jikin allo a matsayin aikin da ya kammala. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban zauren da aka yi wa ado a birnin Zariya, in ya ga waɗannan ayyuka zai gane danginsu: fili a cike taf, layi yana bin layi, haske ne ke fito da siffa.

Arewa ba ta fita daga ransa ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1985, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga Sahel zuwa biranen kudu, ya yi jerin ayyukan da ya kira Sahelian Masquerades, a kan mutanen bakin hamada da ƙasarsu da ke bushewa. Ya nuna aikinsa a baje kolin Venis a 1990, hukumar UNESCO ta karrama shi a 2006, gidan tarihin zanen Afirka na Smithsonian a Washinton ya keɓe masa nuni a 2024. Abin da na fi ganin girmansa a kai shi ne bitar hunturu da ya kafa a garinsu a 1998, inda masu zane ke taruwa suna koyon bugu da sassaƙa da sauran sana'o'in hannu, mai digiri da wanda bai shiga aji ba a kan teburi ɗaya.

Zariya ta ci gaba da fitar da gwanaye. Akolo ya zana mahaya da 'yan dambe ya kuma koyar har ya tsufa, Gani Odutokun ya yi tashe kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995, Jerry Buhari ya daɗe yana aiki a kan ƙasa da yadda ake lalata ta. Amma fenti ne ya yi rinjaye. Bugun zane ya fi yin saiwa a Legas da Oshogbo da Nsukka, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: injin matsi yana da nauyi da tsada, takarda mai kyau da tawada daga waje ake kawo su, masu saye kuma suna kudu. Ɗalibin da ya koyi bugu ya dawo gida Arewa, abin da ke ciyar da shi allon talla ne da rigunan kamfe da katin biki.

To, mu dawo Zamfara. Wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau ya san inda ƙasa ke sauya fuska. Duwatsun Tsafe su fara tarbarsa, garin ya jingina da su. Kusa da nan 'Yandoto take, tsohon garin malamai da ɗalibai, wanda sunansa ya rage a sarautar Tsafe. Kaɗan gaba sai Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bunguɗu: dutse ɗaya tilo, sumul, ya tashi daga cikin gonaki ya tokare sama, gari a gindinsa kamar an ajiye. Sai Gusau a bakin Gulbin Sakkwato, da Kanwuri da Sabon Gari da Tudun Wada, da tashar jirgin ƙasa ta layin da ya taso daga Zariya ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, da tsofaffin gine-ginen zamanin auduga da gyaɗa, da masaƙar da aka kafa a shekarun 1960. In ka wuce sai Bunguɗu, gulbin na gefenta, fadama kore shar da rani yayin da tudu ya yi fari fat.

Ƙasa ce da ta dace da baƙi da fari. Dutsen Kwatarkwashi da hantsi rabi haske ne rabi inuwa, iyakar a yanke kamar da wuƙa. Kuka in ta zubar da ganye layi ce zalla. Gawo yana yin ganye lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Ga rumbuna, ga karan dawa a jingine bayan girbi, ga hazo yana jera duwatsu, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can nesa da ƙyar ake gani. Mai fenti zai sha wahalar haɗa launin wannan ƙasa; mai yanka katako kuwa rabin aikinsa ƙasar ta riga ta yi masa. Duk da haka, ka shiga ofisoshi da otal-otal da ɗakunan baƙi a Gusau ka duba abin da aka rataya: tsaunukan ƙanƙara, da magangarar ruwa ta wata nahiya, bugun masana'antun waje. Abin yana damuna, don yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka kyakkyawar ƙasa a wani wuri take.

Akwai masu jin tsoron zane saboda addini, kuma tsoron yana da tushe, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999. Amma saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi a kan surar masu rai, ya kuma nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai in dai sai ya yi. Dutse da gulbi da kuka da zaure suna cikin wannan fili. Al'ummar da ta fitar da masu zayyanar allo da masu rubuta Alƙur'ani da hannu a buga shi dubbai ba baƙuwar tawada da ɗab'i ba ce.

Wani zai ce ai kowa na da waya a aljihu, me ya kawo wahalar katako? Waya tana kwashe duk abin da ke gabanta ba zaɓe, hoton ya shige cikin dubbai, wayar ta lalace ya bi ta. Mai yanka faranti dole ya zauna ya yanke shawarar abin da ya zama Kwatarkwashi da abin da ba ita ba, don duk abin da bai yanka ba baƙi zai fito. Sannan yana iya zana abin da kyamara ba ta isa gare shi. Wannan shi ne ya fi matsa mini. Shekarun nan na 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a yankunan Tsafe da Bunguɗu da maƙwabtansu, mutane sun baro gidajensu sun taru a garuruwa. Gidan ƙasa da aka daina yaɓewa damina kaɗan ke kwantar da shi. Cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai magina, akwai masu sassaƙar ƙwarya da turmi, akwai dattawan da za su iya zana maka a ƙasa da sanda inda masallaci yake, inda rijiya take, inda ƙofar gari ta fuskanta. Ɗalibin zanen gini da ya zauna da irin wannan dattijo, ya auna da bakinsa ya zana, ya kawo masa ya gyara, zai fitar da abin da babu wani baƙo da zai iya fitarwa. A garuruwan da ke zaune lafiya ma siminti da kwano suna cinye tsofaffin soraye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an auna ko guda ba.

Kayan farawa ba su fi ƙarfinmu ba. Hanyar katako ba ta buƙatar inji. Escher da kansa da bayan ƙaramin cokali yake murza takarda a kan katakonsa. Maƙeranmu za su iya ƙera wuƙaƙen yanka in an nuna musu samfuri, kafintoci na da guntayen katako, maɗaba'un Gusau na da tawada da ragowar takarda. Masu yanka hatimi da masu buga riguna sun riga sun iya rabin sana'ar, saura a juya hannunsu daga sunan kamfani zuwa siffar gari. Faranti ɗaya zai ba da kwafi 50, a sa wa kowanne lamba da sa hannu, a sayar a farashin da malamin makaranta zai iya saya, wani ya tafi fada, wani ɗakin karatu, wani hannun ɗan Zamfara da ke zaune a Legas ko Jidda.

Jihar tana da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a Gusau, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ta ware ɗaki guda, ta sayi injin matsi guda, ta gayyato malamin bugu daga Zariya na zango ɗaya, ta haɗa ɗalibanta da magina da masu yanka hatimi na cikin gari. Ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu da Gusau kuma kowacce ta ɗauki nauyin matashi ko matashiya ɗaya zuwa bitar hunturu ta Agbarha-Otor, da sharaɗin in sun dawo su yanka faranti goma-goma na garuruwansu, a nuna su a Gusau kafin a kai su ko'ina.